Takalman Inna

Da safen nan muka birkice gida muna neman takalman mahaifiyata. Ashe suna cikin jakar ɗiyata Hafsatu, 'yar shekara huɗu.

Tun da ta ji ina sa ran aiki a Kaduna take haɗa kayanta. Inna kuwa ta ce ita ba ta barin Bakura.

Na ce, "Hafsatu, mi ya kai takalman Inna jakarki?"

Ta ce, "Baba, in takalmanta sun tahi, ai dole ta biyo mu."

Inna ta yi ta dariya tana share ido da gefen mayafi.

Takardar aikin ba ta fito ba tukuna, amma jikina ya yi sanyi. Ku da kuka bar tsohuwa a gida, yaya kuka yi?