Kujerar Kaka da Wutsiyar Biri

Har yau ina jin haushin Kaka, Allah ya ji ƙanta. Ta ɓata mini fushi tun ina yarinya, ta bar ni ba na iya tsanar mutum yadda ya kamata, kuma bana ne abin ya fi ci mini rai.

Kaka uwar babana ce. Da ƙafa ta fara ba ta wahala aka ɗauko ta daga ƙauyensu na wajen Maiha, ta zauna da mu a Sabon Layi. Ba ta yarda da risho ba, wai abincinsa warin kananzir yake, don haka kullum da yamma murhunta na ci a tsakar gida. In an gama tuwo sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta, ni da yayana Yohanna da yaran maƙwabta. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, in kalma ta ɓace mata ta cike da Fillanci. Takan fara da cewa, "Ga shi nan ya sauko daga dutse, mai jin barci ya tashi tun yanzu."

Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ta tsohuwa da biri. Wata tsohuwa ce a gindin dutse, aka yi shekarar yunwa, ta rataye 'yar dawar iri a rufin bukkarta. Ta ci ganye, ta kwana da ruwa, ba ta taɓa irin nan ba. Gab da faɗuwar damina biri ya ɓula rufin ya cinye tas. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, ita tana zaune a bakin gona hannu wofi. Samarin gari suka ɗana tarko, suka kama birin, suka datse masa wutsiya. Mu kuwa muka kaure da tafi, Yohanna har da tsalle.

A nan ne Kaka take yi mana abinta. Sai ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno, ta zagaya ɗaya gefen wutar ta zauna, ta ce mu juyo. Ta sake ɗauko labarin daga farko, amma daga kan dutse. Ashe birin nan uwa ce, da jinjiri manne a cikinta. Masu farautar gafiya sun cinna wa dutsen wuta, ba ganye ba 'ya'yan itace, nononta ya ƙafe, jinjirin ya daina ko kuka. Iska ta kawo mata ƙamshin dawa. Kaka takan kwaikwayi yadda birin ke yage rufin da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da jinjiri, har mu daina tauna gyaɗa. Daga nan sai tarko, sai samari, sai wuƙa. Wutsiya dai ta tafi.

Na yi kuka, na yi birgima, na ce tunda mun san dalilinta ai sai a sake ta. Kaka ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Dawa ya dawo? Tsohuwa ya yi shuka?" Na ce to don me ta sa muka ji tausayinta, in dai za a yanke? Ta janye itacen daga murhu, ta ce wuta ta gaji, ita ma ta gaji. Yohanna ya yi ta tsokanata da suna ƙanwar biri har muka girma.

Bana wani mai napep ya buge 'yata Saratu a hanyar kasuwa, ƙafarta ta karye. Birkinsa ya daɗe da lalacewa, kuma ya sani, da bakinsa ya faɗa wa 'yan sanda. Wallahi ranar da na ji haka, da an ba ni shi da na yaga shi. Na ji daɗin fushin nan, ya riƙe ni tsaye a asibiti.

Sai ga uwarsa, wata dattijuwa 'yar Barno, ta zo ta zauna a ƙasa a bakin ɗakin da aka kwantar da Saratu. Ba ta yi magana mai tsawo ba. Ta ce shi ke ci da ita da matarsa da 'ya'yansa, napep ɗin na wani ne, in ya ajiye shi kwana ɗaya don gyara mai shi zai ba wa wani. Ta roƙe ni in janye ƙara. Tana magana ina jin ƙarar kujerar Kaka ana jan ta a cikin kaina, ni kuma ina cewa a'a, ba yau ba, tsohuwar nan ki bar ni da fushina. Ina! Na riga na hango ɗan nata yana ta taka birki, birki ya ƙi kamawa.

Ban janye ƙarar ba. In na janye, gobe yana kan titi da birkin nan, kuma akwai 'ya'yan mutane a hanyar kasuwa. Amma na auni dawa da wake na kai gidansu, kuma ina kan kaiwa. Kowa ya ji haushina. Mijina Bitrus ya ce wace irin uwa ce ke ciyar da gidan wanda ya karya mata 'ya. Matan cocinmu suka ce in dai tausayi ne na gaske ai yafewa ake yi. Dattijuwar takan karɓi kwanon ba ta ɗago ido ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na karanta littattafai da yawa da ke sa ka yi wa mai laifi kuka sannan su buɗe masa ƙofa, da waɗanda ke hukunta shi kana tafi. Dukkansu sun fi na Kaka sauƙi, ana rufe su a yi barci. Ita ta ɗora mana biyun tare, ta tafi ta bar mu da ɗauka.

Shekaranjiya da yamma Saratu ta gaji da kwanciya, ta ce in yi mata tatsuniya. Na yi mata ta biri, ta yi tafi. Na ɗauki kujerar roba na zagaya ɗaya gefen gadon, na sake daga kan dutse. Da na kai wajen tarko ta kama hannuna, idonta ya cika, ta ce, "Mama, don Allah ki sake ta."

Na so in sake ta, Allah ya sani. Na dubi ƙafar yarinyar a cikin filasta, na datse wa biri wutsiya.