Attahiru Mai Zabi da La'asar ɗin Inna Kaza

Sahabi mai shayi na yaf fara ba ni labarin Attahiru Mai Zabi, tun ban san fuskatai ba. Yac ce akwai wani mutumin Kalmalo da yad dawo Illela da zama, in ka aza mai ƙwai ga tafin hannu ya kai shi kusa da kunne, sai ya gaya maka ko na jiya na ko na shekaranjiya. Nac ce ƙarya. Daga baya munka raba benci guda da shi shekara da shekaru, don haka abin da za ki rubuta, Na'ima, gaban idona anka yi shi.

Ubanai masunci na, amma Attahiru tun shina ƙarami bai son ruwa. In an tura shi tafki sai a same shi cikin gonar gero shina korar tsuntsaye, rabi kora, rabi kallo. Can yas san halin kowane. Da yay yi aure sai yad dawo Illela da matatai Shafa'atu, yak kama sana'ar zabi. Ya je Gidan Katta ya sayo ƙwan zabi ya sa wa kaji su kwanta, don zabuwa ba uwar kirki ta ba, ta yi ƙwai cikin haki ta manta da shi. In ɗiyan sun tasa, ranar Lahadi ya kai kasuwa.

Zabo guda na bai sayarwa. Sunanai Kwamanda, da ɗan yatsa guda a karye. Shi yat taɓa tada gida da kuka ranar da maciji yash shiga akurki. Wani mutumin Ƙonni ya taya shi da kuɗin sefa masu kauri, Attahiru yac ce ko da raƙumi za a musanya bai badawa. Shafa'atu kuwa ba ta da maƙiyi kamar Kwamanda. In ta shanya kuɓewa ya watse ta, in ta kwanta da rana ya hau rumbu ya buɗe baki.

To, kusa da rumfar Sahabi akwai shagon Jabir mai cajin waya. Shi yak kawo muna wani zane da ake sakawa a waya duk Jumma'a, sunanai Ƙarƙashin Gawo. Hoto huɗu na jere, tsuntsaye sanye da tufafi suna magana kamar mutane. Akwai Inna Kaza mai gyale, da mijinta Zakara, da Hankaka ɗan kamasho, da Malam Belbela. Ba wanda yas san mai zanen, wasu su ce Ƙonni yake, wasu su ce Sakkwato. In an sauko masallaci sai a taru rumfar Sahabi, Jabir ya karanta da ƙarfi, a yi dariya, kowa ya faɗi abin da shi ka gani zai faru mako mai zuwa. Jabir ya rubuta a ƙasan hoton, inda mutanen wasu garuruwa ka rubuta nasu.

Da farko Attahiru tsaki shi ka yi. Yac ce, "Manya da gemu, kun zagaye kaza mai gyale."

Amma wata Jumma'a anka nuna Kurciya ta gina gida bisa gawo, kowa yac ce Hankaka zai sayar da shi a bayan idonta. Attahiru yal leƙa wayar ta kan kafaɗar Jabir yac ce, "Wane Hankaka? Gidan kurciya kara huɗu na. Iska za ta ɗauke shi." Mako na zagayowa, ga Kurciya tsaye bisa reshe ba gida, iska ta tafi da shi har da tabarma. Bayan nan Malam Belbela yab ɓata, ana ta cewa an tsare shi bakin iyaka ba takarda. Attahiru yac ce a duba ƙarƙashin saniya. Can anka same shi.

Shi ke nan, sai sunanai yat tashi. Jabir kan rubuta "in ji Attahiru na Illela", har mutanen Maraɗi da Kano suna tambaya a ƙasan hoto mi Attahiru yac ce. Mutumin da bai san alif ba, sai ga shi da sabuwar hula, ana matsa mai wuri tsakiyar benci, Sahabi na ƙara mai madara ba tare da ya tambaya ba.

Ana nan sai Hankaka yak kawo wa Inna Kaza wasu ƙwai cikin ƙwarya a rufe, tak kwanta bisa su. Mai zanen bai nuna ƙwan ba. Gardama tat tashi. Lawwali ɗan kabu-kabu yac ce ɗiyan shirwa za su fito su cinye mai gida. Sahabi yac ce ƙwan shayi na Hankaka yas sato, dafaffe ma. Attahiru kuwa yatsu kawai shi ka lanƙwasawa.

Jumma'a ta zo ta wuce, Inna Kaza na kwance tana gulma da Agwagwa. Ta biyu, tana kwance tana faɗa da ƙuda. Ta ukku, tana kwance. Ran nan Attahiru yag gyara hula yac ce, "To, ku saurara. Kaza kwana ashirin da ɗaya ta ka yi bisa ƙwanta. Ga shi sun cika, ba tsiyako. Ƙwan zabi kwana ashirin da takwas. Jumma'a mai zuwa ɗiyan zabi za su fito, da zane-zane ga kai."

Lawwali yac ce, "Baba, in ba su fito ba fa?"

"Kai da ba ka san komi ba sai hayaƙin mashin? Shekara talatin ina sa wa kaza ƙwan zabi."

"Na ji, Baba. In ba su fito ba fa?"

Da Attahiru ya yi shiru da ya tsira. Amma benci cike, ido duk bisa shi. Yab bugi gwiwa yac ce, "In ba su fito ba, a yanka Kwamanda a yi farfesu nan rumfar ga, kowa ya sha."

Kafin ya rufe baki Jabir ya rubuta, duniya ta gani. Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Yat tarar da Shafa'atu na daka yaji tana 'yar waƙa, yaji kuwa ba ƙarewa yay yi ba. Ranar Lahadi Lawwali yas sayo albasa cike da leda yar rataye ga ginshiƙin rumfa, inda Attahiru ka zama. Shi dai bai damu ba, ya sake ƙirgawa da yatsu ya fi sau goma, lissafi bai canza ba.

Jumma'a rumfa ba masaka tsinke, har 'yan canji sunka bar teburansu. Jabir yab buɗe waya. Hoto na farko, Inna Kaza kwance. Na biyu, Zakara ya shigo da kayan cefane. Na ukku, Jabir yak karanta, Zakara na cewa, "Tun fitata da safe kina nan, ko shara ba ki yi ba?" Na huɗu, Inna Kaza ta harare shi: "Yanzu fa niz zauna, ko azahar ba a kira ba."

Attahiru yac ce, "Sake karantawa."

Jabir yas sake, yac ce, "Baba, wurinsu duk yini guda na. Tun ranar da Hankaka yak kawo ƙwan, rana ba ta faɗi ba."

"Wane irin yini na da Jumma'a huɗu cikinai? Wanga mai zane ko tsiyako bai taɓa riƙewa ba!"

Rumfa tak kece da dariya, Sahabi har da zubar da ruwan zafi. Lawwali yas sauko da albasa yad dire gabanai. Alkawari kaya na, Attahiru ya sani. Yam miƙe yac ce, "Ku aza tukunya. Bari in je in ɗauko shi, kafin la'asar ina nan."

Yat tarar da Kwamanda bisa rumbu, ya karkata kai shina kallonai da ido guda. Shafa'atu taf fito tam miƙa mai wuƙa tac ce, "Malam, ga ta, na wasa maka ita tun jiya." Attahiru yaz zauna bisa turmi da wuƙa ga hannu. Yad ɗebo gero yaw watsa, Kwamanda yas sauko da ɗingishinai shina ci kusa da ƙafatai. Hannu kawai zai miƙa. Anka kira la'asar shina zaune.

Sai gab da magariba yad dawo rumfa hannu wofi, ruwan tukunya ya ƙone sau biyu. Bai kalli kowa ba sai Jabir. Yac ce, "Ɗana, duba muna. Wurin Inna Kaza an yi la'asar?"

"Ko azahar ba a yi ba, Baba."

"To madalla. Da agogonsu kunka kada ni, da agogonsu zan cika. Na ce kafin la'asar. Ina hanya."

Lawwali yat tashi tsaye shina rantse-rantse, yac ce wagga zamba ta. Anka kai magana ga Sahabi, tun da rumfatai ta. Sahabi yaj juya shayi yac ce ba a auna wa mutum hatsi da tiya biyu, wadda anka karɓa da ita, da ita za a biya. Magana tak ƙare nan.

Tun ran nan Attahiru ya bar faɗin abin da zai faru. Duk Jumma'a abu guda shi ka dubawa cikin hoto, inuwar gawo, ko ta karkata. Kuma ya sa Jabir ya rubuta wa mai zanen gaisuwa, ya ce a bi a hankali, kwanci ba a yi mai gaggawa. Ko mai zanen ya gani, ko halinai na, Allah masani, amma yau shekara guda da watanni, bayan sallar layya Inna Kaza taj ji kiran azahar, ƙwai bai fashe ba.

Albasar Lawwali ta tsiro cikin leda, yak kai fadama yad dasa. Shafa'atu na wasa wuƙarta duk Alhamis. Kwamanda ya ƙara ƙiba, jiya ma ya watse mata tumatur. In kin bi ta rumfar Sahabi kika ji Lawwali ya ce, "Baba, ina farfesunmu?" za ki ji Attahiru ya kurɓi shayi ya ce ai ya tafi ɗauko shi, bai dai iso ba tukuna.