Ƙarar Ruwan Da Ta Ƙi Barin Kunnena

A lokacin ni tela ce a Tudun Wada, ina zaune da mahaifiyata da 'yata tilo, ina ganin ba abin da zai girgiza ni a duniya. Wata la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya kece, kwatar unguwa ta toshe, kafin mu ankara ya kai mana ƙugu a tsakar gida. Na fitar da yarinyar a kafaɗa. Juyawar da zan yi in ɗauko Inna, sai bangon ɗakinta ya rufta. Allah Ya jiƙanta.

Aka tsugunar da mu a wata makaranta. Kowa na yaba haƙurina, ba wanda ya san ƙarar ruwan nan ba ta bar kunnena ba. Ko buta aka tsiyaye sai in toshe kunnuwana. In sama ta yi duhu, sai in kulle 'yata a aji, ko leƙe ban yarda ta yi ba. Akwai wata malama daga unguwar Kongo da ta koyi kwantar wa masu firgita hankali da waƙa, tana tara mata da yamma ana kiɗan ƙwarya. Da ta gayyace ni, na ce mata makoki nake yi, ba biki ba. Ta ce ba rawa ake ba, nauyin ƙirji ake saukewa, duk ranar da na shirya in zo.

Haka na yi ta ɓoye halin da nake ciki, har ranar da aka kwaɗa wata tsawa, na tsinci kaina a tsakiyar titi ba takalmi, farcena ya nutse a hannun yarinyar, mai keke ya taka birki dab da mu. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Umma, ke nake tsoro yanzu, ba ruwa ba."

Washegari na je. Malamar ta miƙo min ƙwarya, ta ce in buga a hankali, daidai da numfashina. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙar daka irin wadda Inna ke yi, nan kukan da na daɗe ina dannewa ya ƙwace min, matan suka ci gaba da amshi har na yi shiru.

Ban warke sarai ba, har gobe gabana na faɗuwa in hadari ya taso. Amma na gane danne firgici ba shi ne haƙuri ba. 'Yan uwana mata, in masifa ta ratsa ku, kada kunya ta hana ku karɓar taimako. Abin da kuka binne a zuci, kan 'ya'yanku zai fashe.