Rabin Taku a Baya

Duk wanda ya san Yaya mai gyaran takalmi ya san bai iya tafiya a bayan kowa ba. Matarsa kan ce da gaggawa aka haife shi, ungozoma ma sai da ta bi shi da gudu. Ba laifinsa ba ne. Tun da ƙyanda ta tafi da idanun ƙanwarsa Auta, mahaifiyarsu ta ɗora hannun yarinyar a kafaɗarsa ta ce, "Kai ne gaba." Ya riƙe maganar nan kamar wasiyya. Makaranta, asibiti, tashar mota, yana gaba tana biye, shi ke fara taka kowane rami.

Auta ta girma, ta samu aikin amsa waya a kamfanin tasi, sai kuma ta ɓullo da sabon salo: tseren mita ɗari za ta shiga. Makaho ba ya wannan tsere shi kaɗai. Guntuwar igiya mai madauki biyu ke haɗa shi da ɗan jagora, kowa ya zura yatsunsa, su tashi tare kafaɗa da kafaɗa. Yaya da kansa ya ɗinka tasu a shago, tsakanin gwangwanin gam da tarin tsofaffin takalma, ya ja ta da haƙori ya tabbatar ba za ta tsinke ba.

Koci, wata mata mai usur a wuya da ƙarancin magana, ta faɗa masa doka tun ranar farko. Jagora ba ya ja, ba ya turawa, kuma ba ya riga mai gudu tsallake layin ƙarshe. Yaya ya ce ya ji. Ji kam ya ji, amma hali zanen dutse.

A gasarsu ta farko sun bar kowa a baya. Layi na matsowa, sai bawan Allah ya banƙaro ƙirji ya faɗa gaba, kamar dai yadda ya saba faɗa wa rami kafin ita. Yana cikin tsallen murna alƙali ya ɗaga jar tuta. Aka soke nasarar. A motar komawa gida Auta ba ta yi kuka ba, ta dai juyo ta ce, "Barka, Yaya. Na ji ka zo na ɗaya." Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi.

Washegari Koci ta same shi a shago. "Gasar zaɓen 'yan wasa na tafe," in ji ta. "Ka sake yi, igiyar nan ta koma hannun wani." Yaya ya dubi igiyar a rataye jikin ƙusa, tsoro ya kama shi sosai. In ba shi ke riƙe da Auta ba, shi wane ne?

To, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Ya roƙi Auta ya riƙa raka ta wurin aiki, amma a bayanta da rabin taku. Wahala ce ba ƙarama ba, ƙafafunsa har ƙaiƙayi suke. Sai ga shi Auta da sandarta ta san titin fiye da zatonsa. Ta kauce wa murfin kwatar da ya karye, ta gaida mai wanki tun bai yi magana ba, don ta ji ƙamshin sabulu. "Tun yaushe kika san hanyar nan haka?" ya tambaya.

"Tun tuni, Yaya. Ba ka taɓa waiwayowa ba ne."

Ranar gasar zaɓen bindigar fara tsere ta tashi, suka fita kamar mutum ɗaya. Yana jin numfashinta daidai da nasa, igiya sako-sako a tsakaninsu, yana ce mata, "Miƙe, miƙe, kina daidai." Ga layi. Duk jikinsa na cewa ya faɗa gaba. Ya cije, ya rage taku, ya ce, "Naki ne, Auta." Ta wuce shi. A ransa ya ce ashe haka take da kyan gudu, shi bai taɓa gani ba.

Ta biyu ta zo, kuma ta biyu ta isa a ɗauke ta. Babu tuta. Koci ta gyaɗa masa kai sau ɗaya, wanda a wurinta doguwar huɗuba ce.

Da za su fita daga filin ba su saki igiyar ba, tana gaba yana biye. Auta ta ɗan tsaya ta ce, "A hankali, Yaya, akwai matakala." Ya gode mata da gaske, don hawaye sun cika masa ido, bai ga matakalar ba.