Sanarwar da Aka Naɗe Kifi da Ita

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gundumarmu neman takardar haihuwa ko izinin kafa rumfa ya san Mista Ekow Essilfie. Teburinsa ne na farko in ka shiga, nan ake tambaya. Shekara ashirin da uku yana zaune a wurin, da farar riga mai dogon hannu da biro uku a aljihu, ko da zafin bakin teku zai narkar da mutum. Ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya karɓi na goro ba. Ciwonsa ɗaya ne, Turanci.

In tsohuwa ta zo ta yi masa tambaya da yarenmu na Fante, sai ya fara ba ta amsa da Turanci, ya bari ta yi tsuru-tsuru, sannan ya sauko. Amsar kuma kusan kullum ɗaya ce: "Yana kan allo." Allon sanarwa ke nan, dogo mai gilashi, a bangon baranda, makullinsa a aljihun Ekow. Shi ke buga takarda, shi ke kafa ta da ƙusa huɗu, ya ja da baya ya duba ko ta karkace. A wurinsa, da zarar takarda ta hau allo, to gari ya ji.

Sau biyu aka tura shi bita Accra, ya dawo da bakinsa cike da irin maganar nan mai santsi ta masu Turanci. Bai wa kowa damar samun bayani. Kai hidima ƙofar talaka. Buɗe ƙofa ga marasa galihu. In yana jero su har lumshe ido yake, sai ka rantse gobe za a bi gida-gida ana raba wa mutane lafiya a kwano. Ni dai na lura ba a taɓa faɗin waɗannan kalmomi da Fante ba, ko a ofis ko a waje.

Yayarsa Araba ta girme shi da shekara bakwai. Lokacin da teku ta ci ubansu, ita ta bar aji biyu na firamare ta tsaya a murhun banda, kuma kifin da ta ƙyafe ne ya kai Ekow har sakandare. Baturen gidanmu take kiransa, rabi tsokana rabi alfahari. Kowace Juma'a takan kawo masa dokunu, tuwon masarar nan mai tsami da ake dafawa cikin ganye, da soyayyen kifi da barkono, ta zauna a bencin da ke ƙarƙashin allon, don nan ne inuwa take, ta jira ya sallami mutane. Shi kuma ya fito da sauri ya karɓa, don ba ya son ƙaurin hayaƙin zanenta ya daɗe a baranda. Tukuicinta shi ne damin tsofaffin sanarwar da ya cire daga allo. Takardar ofis tana da kauri, ba ta yagewa in an naɗe kifi da ita.

Shekara arba'in a cikin hayaƙi ba wasa ba ce. Yanar ido ta fara rufe wa Araba ido, na hagu da farko, sannan na dama ya bi. Ta koma gane mutane da murya, tana juya kifi da lalube. Ekow ya sani. Yakan ce, "Yaya, bari aiki ya yi sauƙi mu je babban asibiti." Aikin kuwa bai taɓa yin sauƙi ba.

A watan biyar na shekarar da nake ba da labari, wasiƙa ta zo cewa wasu likitocin ido za su sauka a garin da ke gaba da mu, kwana biyar, suna cire yana kyauta, mai so ya rubuta sunansa a ofis. Ekow ya buga sanarwar da kansa. Sau uku ya karanta ta yana neman kuskuren rubutu, ya samu ɗaya ya gyara, ya sa hannu a ƙasa. Ko sau ɗaya Araba ba ta faɗo masa a rai ba. Mutum goma sha ɗaya suka rubuta suna, tsofaffin malaman makaranta da wani fasto da matarsa. Likitoci suka zo suka tafi, ya cire takardar ya jefa cikin dami.

Bayan kwana goma, ranar wata Talata, baƙi suka zo daga wata ƙungiya, Baturiya guda da samari biyu 'yan Accra masu na'urar ɗaukar hoto. Shugaban ofis ya tura musu Ekow, don shi ne gwanin baki. Yana tsaye gaban allonsa, ya buɗe gilashin, yana ce musu babu wani abu da gwamnati ko ƙungiya za ta kawo da ba ya isa ga jama'a ta nan, ƙofa a buɗe take ga kowa. Baturiya tana gyaɗa kai tana rubutawa. Sai ga Araba ta hawo matakala, hannu ɗaya a bango, ɗayan riƙe da wata takarda da mai ya jiƙa.

Gabansa ya faɗi, don ba ranar dokunu ba ce. Ya matso ya rage murya. "Yaya, ina da baƙi. Je ki gida, zan biyo."

"Baƙin naka su jira, ba su fi ni tsufa ba," in ji ta. "Ungo. Karanta mini."

"Wai mene ne?"

"Tica Efuwa ce ta sayi kifi jiya. Ta kwance takardar a gabana, ta ce, Araba, me ya hana ki zuwa? Ni an cire mini yanar, ga shi har zare nake sa wa allura. Na ce zuwa ina? Ta ce ai ƙaninki ne ya sa hannu a ƙasa. Na ce ƙarya kike, Efuwa, tsufa ne ya fara taɓa ki. To karanta, in ji daga bakinka. Kuma ba da yaren ofis ba, da wanda uwarmu ta yi maka."

Ya karɓa. Ga shatin kan kifi a tsakiya, ga ramukan ƙusa huɗu a kusurwa, ga sa hannunsa da yake ja wa wutsiya. Ya fara karantawa da Fante, kuma abin mamaki, mutumin da bai taɓa in'ina da Turanci ba sai ga harshensa yana sarƙewa. Da ya kai ga kalmar kyauta ya tsaya, da ya kai ga kwanan wata muryarsa ta shige ciki.

"Kwana nawa ta yi a nan?" Araba ta tambaya.

"Mako uku."

"A wane gefe?"

Ya nuna, sai ya tuna ba ta gani, ya kama hannunta ya ɗora a wurin. Daidai saman bencin ne. Ta shafa katakon, ta shafa bencin.

"Ashe Juma'a uku ina zaune tana kaina," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Ekow, ban tura ka makaranta don ka sa farar riga ba. Na ce ne gidanmu ya samu mai karatu ko guda ɗaya."

Baturiya ta yi murmushi ta tambaya me mama take cewa. Ɗaya daga cikin samarin, wanda ya ji komai, ya dubi takalminsa. Shugaban ofis ya yi caraf ya ce ai tana cikin masu amfana da allon ne. Ekow ya buɗe baki, duk Turancin shekara ashirin da uku yana nan, amma ya rasa wanda zai ɗauka. Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya ce, "Yayata ce. Ban gaya mata ba."

Ya kai ta babban asibiti a makon, aka ba su rana can gaba, layi ya yi tsawo. Kafin ranar ta zo Araba ta sa hannu a garwashi tana neman kifi, dole ta bar wa surukarta murhun da ta yi shekara arba'in a kansa. Daga baya an yi aikin, na dama ya ɗan buɗe, na hagu likita ya ce an makara.

Yanzu in takarda ta zo, kafin ta ga allo, Ekow yakan aro kugen mai shelar sarki ya gangara rumfunan banda da farar rigarsa, ya buga, ya karanta da Fante. Matan ba sa raga masa. "Ga Bature ya zo wa'azi! Ɗaga murya, Akawu, hayaƙi ya toshe mana kunne!" Yakan haɗiye ya ci gaba. A ofis ma akwai masu yi masa dariya, wai girma ya faɗi.

Araba ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta fasa kawo dokunu ba. Damin takarda ne dai ta daina karɓa, tunda ba ta da abin naɗewa. Kowace Juma'a takan lallaɓo ta zauna a bencin nan, ta ajiye kwano, in ta ji takunsa ta ɗaga yatsa sama ba tare da ta waiwaya ba.

"Baturen gidanmu," ta ce, "yau kuma me aka rubuta a kaina?"