Gawar da Muka Bari a Rairayi

Akwai wata ranar Laraba a unguwar Ridina da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Lokacin ni direban wani kolonel ne mai ritaya, wanda na tuƙa tun muna cikin kaki. Da ya ajiye bindiga ya shiga harkar manyan motoci, Allah ya buɗa masa, ya gina gida a Atrone, sai kuma ya ce kujerar kansila yake so. Mutum ne mai kyauta, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya yi mini aure, shi ya kai mahaifina Makka. Duk inda za mu neman ƙuri'a sai ya maƙala lambar girmansa a kan babbar riga. Abin ko kyau ba ya yi, amma wa zai faɗa masa?

Ni na san inda lambar ta fito. A wani yaƙi can arewa, muna janyewa, wani sojanmu da harsashi ya samu a ciki ya cika a bayan motata. Motar ta yi nauyi tana nutsewa cikin rairayi, abokan gaba suna biye da mu. Kolonel ya ce a sauke gawar. Ba wanka, ba salla, ko ƙasa ba mu tura masa ba. A rahoto aka rubuta ya ɓace, shi kuwa Kolonel aka ba shi lamba wai ya fito da mutanensa.

A wajenmu ba a neman kujera sai an bi tsofaffin unguwa gida-gida an gaishe su. Liman ne ya yi mana jagora ranar. A wani zaure ya tsayar da mu, ya ce tsohuwar gidan ɗanta soja ne, ya ɓace shekara goma sha ɗaya ke nan. Malamai sun yi sun yi da ita ta bari a yi masa sallar gawa daga nesa, a yi sadaka, ta ce sai wanda ya gani da idonsa ya gaya mata. Kowace Juma'a sai ta share ɗakinsa. Muna shiga na ga hoto a bango, na gane sojan nan ne da muka bari a rairayi.

Idanun tsohuwar sun yi rauni. Aka kawo shayi, ta miƙa hannu ta shafa lambar nan, ta ce, "Ɗana, an ce a ƙarƙashinka yake. Ba komai nake nema ba. Ka gaya mini kawai, addu'ar rayayye zan yi masa ko ta mamaci?"

Kolonel ya kurɓi shayinsa, ya ce sojoji suna da yawa, ba zai iya tunawa ba, amma zai sa a bincika. Sai ta juyo wajena. "Kai fa, ɗan nan? Na ji numfashinka ya sauya."

Na dubi Kolonel, shi kuma agogonsa yake kallo. Na tuna aurena, na tuna hajjin mahaifina, na ce, "Ni direba ne kawai, Iya."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne murnar da ta yi. Ta ce tunda babbansu bai san ya mutu ba, to yana raye. Ta sa mana albarka, ta umarci duk mutanen gidan su zaɓi Kolonel. A mota ya ce mini in yi haƙuri, bayan zaɓe za mu dawo mu gaya mata.

Ya ci zaɓe, ba mu koma ba. Sau nawa na bi ta bakin lungun gidanta ina cewa gobe? Da damina tsohuwar ta rasu. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, Kolonel yana sahun gaba, har da shi a ɗaukar makara. A maƙabarta liman ya gaya mini wasiyyarta ɗaya ce: kada a rabar da kayan ɗanta, zai dawo ya neme su.

Nan take na fayyace wa liman komai, a gaban Kolonel. Washegari aka yi wa ɗanta salla, ni kuma na mayar da makullin mota. Wasu sun ce na yi jarumta. Wace jarumta? Matar da ta roƙe ni maganar tana cikin kabari. Tun ranar na gane gaskiya lokacinta gare ta, in ka riƙe ta har mai ita ya mutu, kanka kawai ka sauke wa nauyi.