Rantsuwar Baffa

Ranar Laraba, a wani ofis a Kano, matar da ke tantance masu neman tallafin karatu ta baje takarduna a teburi, ta ɗora yatsa a kan guda biyu. Sakamakon jarrabawata yana ɗauke da sunan uba ɗaya, takardar shaidar ƙaramar hukuma tana ɗauke da wani daban.

"Ke 'yar waye a cikinsu?"

Na ce duka biyun. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce in kawo takardar rantsuwa daga kotu kafin a tashi aiki ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wata tallafin. Jami'a ta riga ta ɗauke ni karatun likita, amma in ba tallafin nan, ko ƙofarta ba zan leƙa ba.

Da aka yaye ni a Doguwa, ƙanin mahaifina, wanda nake kira Baffa, ya ɗauke ni riƙo ya kawo ni Tiga, inda yake aiki a ma'aikatar ruwa. Allah bai ba shi haihuwa ba. Ranar da ya kai ni firamare aka tambaye shi sunan uba, ya faɗi nasa, sunan ya bi ni har sakandare. Dagacinmu na Doguwa kuwa ya san asalin kowa. Da na je neman shaida, sunan wanda ya haife ni ya sa aka rubuta.

Na san ni 'yar riƙo ce, amma a gidanmu ba a faɗa. Wata maƙwabciya ta taɓa goranta min a bakin famfo, Baffa ya shekara ba ya amsa gaisuwar mijinta.

Na dawo gida raina a ɓace, ni kuma in na fusata bakina ba linzami. Na tarar da shi a tsakar gida yana wanke babur.

"Baffa, kai ka ja min wannan. Da tun farko ka faɗa musu gaskiya!"

Bai ɗago ba. Ya matse tsumman hannunsa ya ce, "To, uwata. Gobe sai mu je kotun Bebeji."

Alhamis muka yini a barandar kotu ba wuta, ba a buga takarda ko ɗaya ba. Juma'a muka yi sammako. Sai wajen ƙarfe tara da rabi magatakarda ya kira mu, ina ta duban agogon bango. Ya ce wanda sunansa ke kan takardun makarantata shi zai rantse. Ya karanto wa Baffa rantsuwar: cewa shi ƙanin ubana ne, ba shi ya haife ni ba.

Baffa ya tsaya yana murza makullin babur. Na ji kamar in fizge biron in sa hannu a madadinsa.

"Malam," ya ce, "ba za a ƙara cewa ni na rene ta ba?"

"Babu gurbin wannan a takardar, Baba. Ka maimaita kawai."

Ya gyara hula. Ya ce, "Ba ni na haife ta ba." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Shekarata goma sha takwas ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba, kuma ni na tilasta masa. Kunya ta rufe ni.

Na isa Kano kafin a fita masallaci, na kuma samu tallafin. Amma duk lokacin da na tuna ranar, bakin titi nake gani, ba ofishin ba. Baffa ya sauke ni daga babur, ya tsai da bas, ya tura ni ciki da takardar a hannuna. Ina ta neman ta inda zan fara ba shi haƙuri, mota har ta fara motsi. Sai ya bi ta da sauri, ya buga ƙofar gaba.

"Direba, don Allah a bi a hankali," ya ce. "'Yata ce a ciki."